Babi na Bakwai: Kamun Ƙafa da Mudun Talaka

Duk wanda ya shigo Abuja ta hanyar Kaduna da asuba, ya wuce dutsen Zuma, ya ratsa Zuba ya nufo Dei-Dei, zai tarar da manyan motoci jere a bakin hanya, waɗansu ɗauke da kwandunan tumatir hawa-hawa, waɗansu da buhunan albasa da tattasai da attaruhu, waɗansu kuwa da shanun da suka kwana a tsaye tun daga Maigatari ko Potiskum. Idan kuma ya ci gaba da tafiya, kafin rana ta yi zafi zai iske kansa a gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa, da ma'aikatun da ke kusa da ita, da hedkwatar Babban Banki, watau wuraren da ake rubuta ƙa'idojin da za su hukunta waɗannan kaya tun daga gona har zuwa tukunya. Tafiyar ba ta da nisa. Amma manomin da ya rako kwandunansa daga Kura ko Ɗanja bai taɓa yin ta ba, galibi ma bai san ana yin ta ba, alhali kuwa akwai mutanen da ba su da wata sana'a face ita, kullum suna kan hanya tsakanin ofishin kamfani da ofishin hukuma, da takardu a hammata da lauya a gefe.

Wannan tafiya ita Hausawa ke kira kamun ƙafa, kuma kalmar ta girmi Abuja nesa ba kusa ba, domin tun zamanin da talaka ba ya iya tsayawa gaban sarki ya faɗi buƙatarsa da bakinsa, yakan nemi bafade, ko malami, ko attajirin da ake jin maganarsa, ya roƙe shi ya kai masa kuka. Ban ga aibi ga asalin al'adar ba, kuma malamanmu ba su haramta ta ba. Abin da suka yi shi ne rarrabewa tsakanin ceto mai kyau, wanda ake yi domin mai hakki ya sami hakkinsa, da mummunan ceto, wanda ake yi domin a tauye hakkin wani ko a kau da hukunci daga kan wanda ya cancance shi. Mai mulki bai san gaibu ba, bai san abin da taki ke ci wa manomi ba, ko abin da man gas ke ci wa mai injin casa, sai an gaya masa. To amma idan ya zamana ɓangare ɗaya kaɗai ke da mai kai masa kuka, kuma a ɗaki yake kai shi, ba da sanin sauran ba, wace irin ƙa'idar ciniki za ta fito daga ɗakin nan? Wannan ita ce mas'alar babin.

Wata rana cikin hunturu na yi sammako zuwa wata kasuwar kayan gwari da ke gefen birnin nan, na tsaya kusa da wani dattijo wanda ya zo da kwando arba'in na tumatir, bayan ya kwana bisa kaya, ya biya kuɗin mota, ya kuma biya a shingayen da ya gaji da ƙidaya su. Da aka sauke kayan bai sami ikon yin ciniki da kowa ba, domin ƙa'idar wurin ita ce baƙo ba ya sayarwa da bakinsa, sai ta hannun dillali ɗan ƙungiya. Saboda haka ya koma gefe ya tsuguna, ya lulluɓa da mayafi, yana kallon dillali da masu sari suna ƙus-ƙus, ana buɗe bakin kwando, ana cusa hannu a zaƙulo na ƙasa wanda ya fara ruwa, ana ɗaga shi ana girgiza kai. Da gari ya waye aka taya, tayin bai yi masa ba. Da hantsi ya dubi ludayi tayin ya ragu, domin tumatir ba ya jiran kowa, kuma kowa a wurin ya san haka. Kafin azahar ya sallama a ƙasa da tayin farko. Aka cire la'ada, aka cire kuɗin ƙungiya, da na 'yan dako, sa'an nan aka miƙa masa rabin abin da ya rage, aka ce sauran sai masu sari sun sayar. Babu takarda, babu shaida, babu ranar biya. Na tambaye shi inda zai kai ƙara in ba a cika masa ba, sai ya nuna mini cewa wanda ya yi rigima yau ba zai sami mai karɓar kayansa mako mai zuwa ba. Ba na son in zalunci dillalin, domin shi ne ya ba dattijon masauki, shi ya san mai biya da mai cinyewa, kuma sau da yawa shi ke lamuni. Sai dai duk sharuɗɗan cinikin nan ɓangare ɗaya ne ya gindaya su, ɗayan kuwa ya karɓa ne domin ba shi da mafita.

Magabatanmu ba su jahilci irin wannan ba. Duk ɗalibin da ya durƙusa gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ko Muwaɗɗa ya san cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana tarbar ayari a hanya, watau ɗan birni ya fita bayan gari ya tare fatake ya saye kayansu tun ba su shigo kasuwa sun ji farashi ba. Ya hana najashi, watau ƙara tayi ba da niyyar saye ba. Ya hana algus. Ya kuma yi gargaɗi mai tsanani ga mai ihtikari, wanda ke ɓoye abinci yana jiran tsada. Da aka roƙe shi ya yanke farashi a Madina bai yarda ba, kuma daga nan fuƙaha'u suka yi saɓani a kan tas'iri, har waɗansu Malikawa suka halatta wa shugaba shi idan maslaha ta tilasta. Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne sharaɗin da Ibn Habib, malamin Andalus, ya kafa: cewa shugaba ya tara manyan kasuwar da abin ya shafa ya ji daga bakinsu yadda suke saye da yadda suke sayarwa, amma kuma ya kawo waɗansu mutane da ba su ba domin a gane gaskiyar abin da suka faɗa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa abin da ake karɓa daga mahauta a ranar kasuwa, wanda ake kira tawasa, a jerin zaluncin sarakunan zamaninsa.

Hikimar hana tarbar ayari a fili take: wanda ya riga kowa zuwa, ya sami mai kaya bai san kome ba, ya gama cinikinsa kafin kasuwa ta ci. A ganina irin wannan tarba ce ake yi wa doka a zamaninmu. Ƙuduri yakan taso daga ma'aikata ko daga kwamitin majalisa, yana kan hanyarsa ta zuwa gaban jama'a, sai masu hali su fita su tare shi, su gyara wani sashe, su ƙara wani sharaɗi, su cire wani sakin layi, ta yadda in ya iso zauren jin ra'ayin jama'a an riga an gama ciniki a kansa.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga shekarar da ta biyo baya kuwa gyaɗa ta zama sarauniyar kasuwa, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da sikeli, mafi girmansu UAC, wanda aka haɗa a 1929. Manyan kamfanonin nan sukan yi yarjejeniya a tsakaninsu kan yadda za su raba saye, don kada gasa ta ɗaga farashin da ake biyan manomi. Da suka yi haka a kan koko a 1937, manoman ƙasar da yanzu ake kira Ghana suka ƙi sayar da kokonsu na tsawon watanni, har gwamnatin Ingila ta aiko da kwamitin bincike na Nowell a 1938. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, gwamnati ta karɓe sayen amfanin gona da kanta, ta naɗa waɗannan kamfanoni su zama wakilanta, ta kuma raba musu kaso gwargwadon abin da kowanne ya saba saye kafin yaƙi. Mai karatu ya lura da wannan sharaɗi da kyau, domin za mu sake gamuwa da shi cikin sabuwar riga: ba a ambaci sunan kowa a cikinsa ba, ba a hana kowa a zahiri ba, amma babba ya tabbata babba, sabon shiga kuwa ya sami ƙofa a rufe, sai ɗaiɗaiku irin su Alhassan Ɗantata da suka kutsa da ƙarfin jari da basira. Daga wannan tushe aka gina hukumar sayen gyaɗa ta 1949, da ta Jihar Arewa ta 1954, waɗanda suka daɗe suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya suna tara rarar, har aka rushe hukumomin sayen amfanin gona baki ɗaya a 1986. Muna alfahari da dalar gyaɗa, kuma ta cancanci alfahari, amma wanda ya noma ta ba ya wurin lokacin da aka yanke abin da za a biya shi.

Nijeriya ta daɗe ba ta da dokar gasa a kasuwanci. An kafa hukumar kare masu sayen kaya da dokar soja a 1992, amma ƙudurorin da za su hana haɗa baki da babakere sun yi ta shiga majalisa tun farkon shekarun 2000 suna mutuwa a can, majalisa bayan majalisa. Abin ya motsa ne bayan 2016, lokacin da Majalisa, a zamanin shugabancin Bukola Saraki a Majalisar Dattawa, ta kafa zauren tuntuɓa tare da ƙungiyar manyan 'yan kasuwa ta NESG da sashen lauyoyin kasuwanci, aka sa ƙudurin dokar gasa cikin waɗanda za a ba fifiko. Wannan kamun ƙafa ne mai kyau, an yi shi a fili, kuma ya haifar da alheri. Amma a cikin ƙudurin da majalisa ta zartar a 2017 akwai sashen da ya ɗora wa kamfanoni biyan kashi 0.5 cikin 100 na ribarsu domin gudanar da sabuwar hukumar. Ƙungiyoyin masu masana'antu da masu ɗaukar ma'aikata suka yi caa a kansa, kuma dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta fito babu shi. Ban ce sun yi kuskure ba, la'alla ma suna da hujja. Abin lura shi ne sun ga sashen da ya taɓa aljihunsu, sun yi magana, an ji su.

Dokar tana da kyau ta fuskoki da yawa, domin ta haramta haɗa baki a kan farashi, ta haramta wa mai rinjaye a kasuwa ya yi amfani da rinjayensa ya danne abokan gasa, ta wajabta bayyana farashin kaya, ta kuma ba shugaban ƙasa ikon ƙayyade farashi bisa shawarar hukuma. Sai dai idan aka karanta ta da idon dattijon nan mai kwando arba'in, za a ga fuskoki biyu ta fi kallo, watau kamfani da kamfani, da mai sayarwa da mai saye don amfanin gida. Ba ta keɓe babi ga raunanan mai sayarwa a gaban ƙaƙƙarfan mai saye ba, ba ta yanke ranar da dole a biya mai kayan da ke ruɓewa ba, ba ta wajabta a ba shi takardar shaida ba. Ba na zaton wani ya zauna ya cire waɗannan da gangan. Mafi kusa ga gaskiya shi ne ba a sami wanda ya kawo su ba.

Inda kamun ƙafa ya fi nauyi kuwa ba a zauren majalisa yake ba, yana cikin takardun umarni na ma'aikatar kuɗi, da kwastan, da Babban Banki, waɗanda ake fitarwa dare ɗaya su sauya farashin tuwon gidaje miliyoyi. Shinkafa ta isa misali. A 2014 aka tsara cewa mai injin casa da ke da jari a noma zai shigo da shinkafa a kuɗin fito kashi 30 cikin 100, ɗan kasuwa zalla kuwa kashi 70, aka raba wa kamfanoni kaso. Shekara ba ta zagayo ba sai ga kwastan tana bin waɗansunsu biliyoyin naira saboda sun zarce kasonsu, har Majalisar Dattawa ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Sanata Adamu Aliero. A watan Yuni na 2015 Babban Banki ya hana kaya iri 41 samun kuɗin waje ta hanyar hukuma, shinkafa na ciki. A watan Nuwamba aka ƙaddamar da shirin bashin manoma a Birnin Kebbi, wanda daga baya aka zuba masa fiye da naira tiriliyan 1, kaso mai tsoka ta hannun ƙungiyar manoman shinkafa ta RIFAN. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe Illela da Maigatari da Seme ba sai Disamba 2020. A watan Janairu na 2022 kuwa aka jera dalar shinkafa a kan hanyar filin jirgin sama ta Abuja, shugaban ƙasa ya zo ya buɗe. A duk waɗannan matakai ƙungiyoyin manoman shinkafa da na masu casa sun fito fili sun goyi baya, kuma ba su da laifi a kan haka. Lalle an sami ƙaruwar noma, an kakkafa injina a Kano da Kebbi da Jigawa, matasa sun sami aiki, kuma wanda ya musanta wannan bai yi adalci ba. Amma matar da ke awon mudu ɗaya da yamma a kasuwar Karmo ko Nyanya, wadda ke sa ido ta ga ko an buga gindin mudun ya shige ciki, tana roƙon a cika mata ya yi tsororuwa a ƙara mata gyara, ita ce ta ɗauki nauyin kariyar, kuma ba ta da ƙungiya, ba ta da sakatare, ba a taɓa gayyatar ta taro ba.

Sukari ya fi shinkafa bayyana al'amarin, domin masu wasan kaɗan ne. Tsarin bunƙasa sukari da ya fara aiki a 2013 ya ginu ne a kan alkawari: gwamnati za ta ba masu matatu kaso na shigo da ɗanyen sukari da rangwamen kuɗin fito, ta tsawwala wa kowa ban da su, su kuma su zuba jari a gonakin rake, irin na Numan da Sunti da Lafiagi, har ƙasa ta wadatu cikin shekara 10. Shekarun sun cika, an ƙara wa tsarin waɗansu 10, kuma har yanzu fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗanyen sukarin da ake tacewa daga waje yake zuwa, galibi daga Brazil. A watan Janairu na 2021 shugabannin kamfanonin Dangote da Flour Mills suka rubuta wa ministan masana'antu, Niyi Adebayo, wasiƙa suna ƙorafi a kan matatar da BUA ya gina a Fatakwal, cewa ta saɓa wa manufar tsarin. BUA ya mayar da martani da zafi, yana zargin cewa ana so a rage gasa ne domin farashi ya tashi. Ɗaya ɓangaren ya musanta. Wasiƙun suka fito a jaridu a watan Afrilu, dab da azumi, lokacin da kowane gida ke lissafin sukarin kunu da koko, sai Gwamna Ganduje na Kano da Alhaji Aminu Ɗantata suka shiga tsakani aka yi sulhu a Abuja. Sulhu alheri ne, kuma ba na shakkar niyyar dattawan da suka yi shi. Sai dai rigimar ta shafi farashin abin da mutum fiye da miliyan 200 ke sha, an yi zargi mai nauyi irin wanda aka kafa hukumar gasa domin ta bincika, amma abin da jama'a suka gani shi ne zaman sasanta 'yan gari ɗaya. A watan Yuli na shekarar Babban Banki ya fitar da takarda cewa kamfanoni uku ne kaɗai aka yarda su shigo da sukari.

Kada a ɗauka manya ne kaɗai ke da hanya. Ƙungiyoyin kasuwa ba su da lauyoyi masu tsada, amma suna da mota da hanya, kuma sun san amfaninsu. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, inda aka yi asarar rayuka da dukiyar fatake, haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu daga 25 ga Fabrairu 2021, aka tare motoci a Jebba, nama da tumatir suka yi tashin gwauron zabi a Legas, cikin mako guda aka kira shugabanninta Abuja, Gwamna Yahaya Bello na Kogi ya shiga tsakani, aka janye. Kukansu na gaskiya ne, jini aka zubar. Amma a makon nan tumatir da albasa sun yi kwantai a kasuwannin Arewa, manomin da ba a shawarce shi ba ya sayar a wulaƙance ko ya zubar.

Shekarar 2024 ta tara duk waɗannan a faifai ɗaya. An cire tallafin man fetur a Mayu 2023, naira ta faɗi, tsadar abinci ta kai kashi 40.87 cikin 100 a watan Yuni na 2024 bisa lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Mata suka tare hanya a Minna a Fabrairu, hukumar yaƙi da rashawa ta Kano ta rufe rumbuna a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, a farkon Maris mutane suka fasa wani rumbun gwamnati a wajen Gwagwa cikin Abuja kanta. A watan Yuli gwamnati ta sanar da dakatar da kuɗin fito na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Ƙungiyoyin manoma suka yi kuka cewa za a karya su. Da ƙa'idojin kwastan suka fito, sai ga sharaɗi cewa kamfanin da zai amfana ya kasance ya shekara 5 yana aiki, mai shigo da shinkafa kuwa ya mallaki injin da ke casa aƙalla tan 100 a rana. Akwai hujjar da za a kafa wa wannan sharaɗi, domin ba a son 'yan damfara su cika fagen. Amma shi ne dai sharaɗin zamanin yaƙi ya dawo, rigar da aka ɗinka da awon mai jiki. Ƙaramin mai injin casa na Kura bai shiga ba. A watan Agusta hukumar FCCPC, a ƙarƙashin Tunji Bello, ta ba 'yan kasuwa wa'adin wata guda su sauke farashi, tana zargin ƙungiyoyin kasuwa da haɗa baki da hana manomi sayarwa kai tsaye, kuma akwai gaskiya a zargin, na gan ta da idona. Amma sanda ta fi saurin sauka a kan mai rumfa, domin shi ake gani. Da farashin hatsi ya faɗi a 2025, mai saye ya ɗan numfasa, sai manomin da ya sayi taki da tsada ya tarar da shansherar da ya noma ba ta mayar masa da kuɗinsa ba.

Waɗansu ƙasashe sun sha wannan gwagwarmaya, kuma ba don mutanensu sun fi namu tsoron Allah ba ne suka ci gaba, sai don raunana a can sun haɗa kai sun iya tarbar doka su ma. Tarayyar Turai ta zartar da dokar hana zaluncin ciniki a harkar abinci a 2019, wadda ta haramta wa mai saye ya wuce kwana 30 bai biya kayan da ke ruɓewa ba, ko ya soke oda a ƙurarren lokaci, ko ya sauya sharaɗi shi kaɗai, ko ya yi ramuwa a kan wanda ya kai ƙararsa. Daftarin farko na 2018 ƙananan masu sayarwa kaɗai ya kare. Ƙungiyar manoma ta Copa-Cogeca ta matsa a faɗaɗa, manyan masu sarrafa abinci suka so a sa su ciki su ma, ƙungiyar manyan kantuna ta EuroCommerce ta yi ta ja da baya, a ƙarshe aka tsaya a kan mai sayarwar da cinikinsa bai wuce yuro miliyan 350 a shekara ba. Adadin nan sakamakon ja-in-ja ne, kowa ya san haka, domin an yi ja-in-jar a fili kuma akwai rajistar masu kamun ƙafa da kowa zai iya dubawa. Ingila ta naɗa mai sa ido a kan mu'amalar manyan kantuna da masu kai musu kaya tun 2013. Kenya ma, lokacin da manyan kantuna irin su Nakumatt suka fara durƙushewa da bashin masu kai musu kaya a wuyansu, ta sa hana zaluncin mai saye a cikin dokarta ta gasa, har a Disamba 2023 ta ci tarar kamfanin da ke gudanar da kantunan Carrefour shilin biliyan 1.1.

Ba na kira a hana kamun ƙafa, domin ba zai hanu ba, kuma mai jari yana da hakkin a ji shi kamar kowa. Ina kira ne a cika sharaɗin Ibn Habib, a kawo waɗansu da ba su ba. A buga sunan duk kamfanin da aka ba kaso ko rangwamen kuɗin fito a kan abinci, da adadin da aka ba shi, da abin da ya yi alkawari, da abin da ya cika. A sanar da zaman jin ra'ayin jama'a a rediyo da harsunan da manoma ke ji, da isasshen lokaci, a kuma kai waɗansu zaman Dawanau da Gwagwalada da Argungu. A ƙara wa dokar 2019 babin da zai yanke ranar biyan mai kayan gwari, ya wajabta takardar shaida, ya kare mai ƙara daga ramuwa. Manoma kuma su riƙe shugabannin ƙungiyoyinsu da lissafi, domin ƙungiyar da ta koma hanyar rabon bashi da taki takan ji nauyin ɗaga murya a gaban mai ba ta.

Akwai ƙudurin rajistar masu kamun ƙafa da Sanata Dino Melaye ya gabatar, wanda ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa a watan Oktoba na 2016, majalisar ta ƙare a 2019 bai zama doka ba. Ya kai mai karatu, idan ɗan majalisarku ya zo gida neman ƙuri'a, ka tambaye shi a gaban jama'a ko zai goyi bayan a farfaɗo da shi, ka kuma tambaye shi su wa suka zo ofishinsa a kan shinkafa da sukari a shekaru huɗun da ya yi a Abuja.